Farar Kafaɗa

Shekara talatin ina ɗaura amya
a kan maje da baushe, bayan Poli,
inda dutse ke tare rana har hantsi.
Shekara talatin tana yi mini tsiwa daga reshe,
ban taɓa tambayar sunanta ba.

'Yar baƙa ce, tafin hannuna ya fi ta tsawo.
Baƙin nan kuwa na rini ne da ya sha bugu,
in rana ta taɓa shi sai shuɗi ya motsa a ciki.
A kafaɗa fari fat,
kamar ta jingina da bangon farar ƙasa
ta tashi ba ta kakkaɓe ba.
Ido rawaya-rawaya, bai wuce ƙwayar dawa ba,
amma in ta kafe ka da shi
sai ka tuna bashin da ba ka biya ba.

Ba ta san zama ba.
Ta leƙa bayan ganye, ta ɓanɓare ɓawo,
ta rataya kai ƙasa kamar jemage,
ta zaro tsutsa, ta danne da ƙafa,
ta ci a tsaye kamar mai sauri zuwa tasha.
Su biyu ne, wani lokaci huɗu,
bayansu tarkacen ƙananan tsuntsaye
na bin sawu suna kalar abin da ta tayar.
Muryarta zarto ne a busasshen gora,
can sai ta saki fito siriri,
ka waiga kana neman wa ya yi.

Bana 'yata Barira ta zo hutu daga Garwa,
inda take lakwal ta namun daji,
madubin hangen nesa a wuya,
littafi mai kauri a hammata.
Ta bi ni daji, ƙaya ta yage mata siket.
Ta ɗaga madubi ta ce, "Baba, kar ka motsa."
Ni da na tsufa a gindin itacen nan!

Ta ce danginta sun bazu har ƙasashen ƙanƙara,
wasu da rawayan ƙirji, wasu da shuɗiyar hula.
Ta ce akwai wata can kudu,
kama kamar an tsaga kara,
da masana suka daɗe suna kira musu ɗaki ɗaya,
sai aka dubi ido:
na waccan duhu, na wannan haske,
aka raba musu gado.
Ta karanto mini sunan da suka raɗa mata,
kalma biyu, kowace ta fi tsuntsuwar tsawo.
Na ce, "Da Hausa fa?"
Ta juya shafi, ta sake juyawa.
Iska ce kawai ta amsa.

Akwai wani tsohon marke da tsawa ta tsaga,
na riga na sayar wa Hamadu mai gawayi,
jaka biyu, har na ci ɗaya.
Barira ta nuna mini rami a jikinsa,
bakinsa bai wuce na tulun turare ba.
Uwar ta shiga da tsutsa, ta fito baki wayam.
Na kara kunne a ɓawo.
Ciki ana ta tsiyu-tsiyu,
a kan shimfiɗar gashin akuya da zaren ciyawa.

Da magariba na je gidan Hamadu.
Ya ƙirga kuɗinsa sau biyu,
ya ce zuma ta taɓa mini kai.
Na ce wataƙila.

Ran da za ta koma, kafin babur ya iso,
Barira ta lashi bakin fensir,
ta rubuta a gefen hoton, ƙanana-ƙanana:
Farar Kafaɗa, in ji Babana.

Washegari na gaya wa mai sunan.
Ta dube ni da idon nan,
ta juya mini wutsiya,
ta koma bayan ganye.